Rantsuwar Da Na Yi A Ƙofar Masaƙa

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina jin abin da ya samu bayin Allah, yau na ce bari ni ma in sauke nawa kayan, ko wani ya tsinci abin da zai amfane shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma suna nan da 'ya'ya da jikoki.

A ƙarshen shekarun saba'in ni matashi ne mai jini a jika, ina aiki a wata masaƙa da ke Bompai. Daga wani ƙauye na gabashin Kano na zo, yankin da yanzu ya faɗa Jigawa, ba ni da komai sai 'yar jakata da takardar yaƙi da jahilci. Da sharar auduga a ƙarƙashin injuna na fara. Allah ya sa hannuna yana jin ƙarfe, a hankali na zama fita, wato mai gyaran injin saƙa idan ya tsaya. Na yi keke, na yi rediyo, na ɗaura agogo, in na je gida da Sallah yara har bakin gari suke tarye ni. Abu ɗaya ne ya ɓata ni, shi ne zuciya. Abokan aiki Fetur suke kirana, ni kuwa maimakon in ji kunyar sunan sai na ɗauke shi kirari. Kullum maganata ita ce ni ɗa ne ba bawa ba, ba a haifi wanda zai taka ni ba. A ganina na lokacin, 'yanci shi ne duk abin da ya zo bakinka ka faɗe shi, duk wanda ya taɓa ka ka rama nan take kafin ya matsa.

Matata 'yar wani malami ce a wani ƙauye kusa da Challawa. Mun kama ɗaki a Hotoro, lokacin rabin Hotoro gonaki ne, Allah ya ba mu 'ya'ya uku, babbar mace sai maza biyu. Ba mace ce mai hayaniya ba, amma akwai ta da tsokana. In na shigo gida ina huci, ba ta tambayata abin da ya faru, sai ta dubi 'yarmu ta ce maza ta ɓoye ashana babanta ya dawo. Ina so in ci gaba da fushi amma dariya ta ƙi bari. A duk duniya ita kaɗai ta iya da ni, kuma ina son ta, ko da yake a zamaninmu namiji ba ya buɗe baki ya faɗi haka.

Akwai wata muguwar ɗabi'a da na saba da ita a wurin aiki. Da zarar mun yi sa-in-sa da foman, wato shugaban sashenmu, sai in jefar da sifana in rantse da Allah na bar aikin nan har abada, in hau kekena in tafi. Ranar Litinin kuma sai ga ni na dawo ina muzurai kamar ba ni ba. Saboda suna bukatar hannuna sai su kau da kai. Matata ce take tuna mini cewa rantsuwa ba wasa ba ce, ita take dafa abincin kaffara ta aika wa mabukata, tana cewa a wannan tafiyar tawa miskinan Hotoro sai sun yi ƙiba. Na yi haka ya fi a ƙirga, har rantsuwata ta zama ba ta da nauyi a kunnen kowa, ni ne kawai ban sani ba.

A masaƙu al'ada ce in an tashi aiki a yi layi a bakin get, masu gadi su laluba aljihu su buɗe langar abinci, saboda masu fita da zare ko ƙananan ƙarafan inji. Duk mun saba, ba wanda yake ɗaukar abin da zafi. Ranar da abin ya faru an yi ɓatan wasu kaya, sai foman ya zo da kansa ya tsaya a get. Yaro ne, a bayana ya shigo masaƙar, kuma da ma ba ma ga maciji da juna. Da layi ya zo kaina ya ce in cire hula, na cire. Ya ce a buɗe langa, aka buɗe, sai ga tuwon da matata ta zubo mini ban samu damar ci ba saboda aiki. Ya sa mai gadi ya caccaka tuwon da tsinke ko na binne wani abu a ciki. Ba a sami komai ba. Gaskiya tsakani da Allah, duk waɗanda ke gabana haka aka yi musu, suka rufe langarsu suka wuce. Ni kuwa sai na ji kaina ya yi zafi, na yi wurgi da langar, na zage shi tas, na rantse da Allah na bar aikin nan ke nan. Sai wani daga bayan layi ya ɗaga murya ya ce to Fetur, sai Litinin. Gaba ɗaya layin ya kwashe da dariya, har masu gadi.

Ba tuwon ne ya kashe ni ba, wannan dariyar ce. Na ji in ban faɗi abin da zai rufe musu baki ba, to ban cika namiji ba. Na juya na ɗaga yatsa, na ce kowa ya shaida, in ƙafata ta sake tsallake ƙofar masaƙar nan, matata ta saku saki uku. Wurin ya yi tsit. Wani dattijo mutumin Nijar da ke aiki a sashen rini ya yi salati, ya kama hannuna ya ce yaro, ita kuma me ta yi maka. Na fizge hannuna na hau keke. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba, a hanyar nan daɗi nake ji. Shirun da mutanen suka yi ya fi mini komai daɗi, ina taka keke ina jin yau na nuna musu ni ɗa ne.

Ban gaya mata ba, amma maganar ta riga ni isa, domin unguwar cike take da ma'aikatan Bompai da matansu. Washegari da safe ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ta ji. Na ce gaskiya ne, kuma kada ta sa komai a ranta tunda ba komawa zan yi ba, masana'antu a Kano sun fi gashin kaina yawa. Ta ce duk faɗin duniyar nan ban sami abin da zan ɗora a kan caca ba sai ita. Ranar ba ta tsokane ni ba, ni kuma ban ba ta haƙuri ba, domin a lokacin ba ni da wannan kalmar a bakina.

Da farko abin ya zo yadda na faɗa. Ban daɗe ba na sami aiki a wani ƙaramin kamfanin bargo a Sharada, na ci gaba da cika baki a majalisa cewa wanda ya iya aiki ba ya roƙon kowa. Sai shekarun tamanin suka kama, aka shiga tsuke bakin aljihu. Kayan aiki suka daina zuwa daga waje, injuna suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, aka fara sallamar ma'aikata. Wanda ya zo ƙarshe shi ake fara kora, ni kuwa sabo ne a wurin. Haka na shiga sahun masu zaman bakin get. Duk wanda ya ga Sharada da Challawa a shekarun nan ya san abin da nake faɗa, magidanta zaune a gindin katanga tun safe har rana ta take, ana jiran wani ya leƙo ya ce ana son lebura biyu, in ya leƙo kuwa a yi ta turereniya kamar kaji an watsa tsaba. Na yi ɗaukar ɗanyar fata a wata majema a Challawa har ruwan magani ya cinye mini tafin hannu, wannan ma ya ƙare. Na sayar da rediyo, na sayar da agogo, daga baya keken ma ya tafi, na koma tura kurar ruwa a unguwar da aka san ni da kaki mai guga.

Mai karatu zai ce me ya hana ni komawa gona. Fari ne ya hana. A shekarun nan damina ta ƙi, 'yan'uwana da na bari a ƙauye su ma Kano suka kwararo neman abin sawa a baki. Surukina kuwa gonarsa ta daɗe da shiga cikin filin masana'antu, tsoho ne yana zaune da 'yan littattafansa, abin da yake samu bai fi na bakinsa ba. Matata ta sayar da kwanukan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya har kabad ya zama wayam. Ta shiga yi wa maƙwabta surfe da wankau, wani lokaci ladanta dusa ce, ita za ta tankaɗe ta dama wa yara. Ban taɓa jin ta ce ga abin da na jawo mana ba, kuma wannan shirun nata ya fi zagi ciwo.

Abin da ya ƙara mini azaba shi ne, tsohuwar masaƙarmu tana cikin 'yan ƙalilan da ba su rufe ba, saboda da audugar gida take aiki. Foman ɗin da muka yi rigima da shi ma ya daɗe da barin wurin. Tunda ba a samun sababbin ƙarafa, sai suka shiga neman tsofaffin fitoci da suka saba lallaɓa injunan. Suka aiko dattijon nan mutumin Nijar har gida ya ce in koma, gurbina yana nan. Ban da albashi, akwai ɗakin shan magani na ma'aikata da iyalansu, kuma kamfani yakan sayar wa mutanensa shinkafa da madara a lokacin da ko da kuɗinka ba ka samu a kasuwa. Zuwansa na farko na sallame shi da sauran girman kan da ya rage mini. Da ya sake dawowa bayan wasu watanni, ya tarar da yarana sun rame, sai ya ajiye ƙullin garin rogo ya fita. Ranar na san ido ya raina fata, ga abinci a bayan ƙofa, ni da bakina na kulle ta.

Daga nan na shiga bin malamai. Abokai sun kawo dabaru iri-iri, wani ya ce in shiga ta ƙofar baya da ake shigo da auduga, wani ya ce in hau bayan mota a shiga da ni tunda ƙafa na ambata. Na kai wa limamin unguwarmu waɗannan, ya girgiza kai ya ce in daina yaudarar kaina, ni na san abin da nake nufi ranar da na yi maganar, kuma Allah ya sani. Na tambaye shi ko in sake ta saki ɗaya, ta gama idda, in shiga masaƙar, sannan a sake ɗaura aure. Ya ce ranar da aka mayar da auren na sake taka ƙofar, rantsuwar tana nan tana jirana. Na yi ta yawo har na sami wani matashin malami da ya yi karatu a waje, ya ce a fahimtarsa in ban yi nufin rabuwa da ita ba, kaffara ta wadatar. Na taso da murna kamar an ba ni kujerar Makka, ban zame ko'ina ba sai gidan surukina. Na durƙusa na ce Malam, ga abin da na samo, ku duba mana. Ya saurare ni har na gama, ya ce ba ya raina ilimin kowa, amma abin da ya karanta a wurin malamansa kuma yake karantarwa shi ne sakin yana aukuwa, ba zai sauya fatawa yau don abin ya zo kan 'yarsa ba. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Ya ce in na ga dama in je in tambaye ta, tunda ita za ta zauna.

Na tambaye ta. Ta ce a kan karatun mahaifinta ta tashi, ba za ta iya kwana ɗaki ɗaya da ni tana kokwanton ko mijinta ne ni ko ba mijinta ba, kuma ba za ta haifi ɗan da za a nuna shi da baki ba. Maimakon in fahimce ta, sai tsohon halin ya motsa. Na ce da ma neman hanyar tafiya take yi tunda ta ga babu ta kama ni. Ban taɓa manta irin kallon da ta yi mini ba. Ta tashi ta ɗauki taɓarya ta koma kan surfen mutane, ni kuma na fita ina jin kunyar kaina, amma ko a ranar ban iya komawa na ce ta yafe mini ba.

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwa. Yaran da suke ƙoshi sun kwanta sun tashi, autanmu kuwa ba shi da jikin da zai yi faɗa da ita. A hannuna na ɗauke shi zuwa maƙabarta, ba shi da nauyin da za a ce a kama mini. Ba mu gama karɓar gaisuwa ba sai wansa ya fara kumburi, ƙafafu suka yi suntum, gashin kansa ya yi ja yana zubewa. Na kai shi asibitin sha-ka-tafi, ma'aikaciyar ta duba shi ta ce tamowa ce, wannan ba ciwon allura ba ne, ciwon abinci ne, in nemo madara da ƙwai da wake, kuma kada in ɓata lokaci. Na saɓo shi a kafaɗa na fito ina tafiya ban san inda nake jefa ƙafa ba. Na bi duk wanda na sani, kowa yana fama da nasa. Ranar Juma'a bayan an sallame salla na miƙe a cikin masallaci zan nemi taimako, ni da nake cewa ba a haifi wanda zai taka ni ba. Na buɗe baki sai kuka. Mutane suka jefa mini abin da ya sawwaƙa, ya kai mu 'yan kwanaki ya ƙare. Har sata ta zo mini a rai, na tsaya a gaban wani kanti ina kallon gwangwanayen madara har mai kantin ya tambaye ni ko lafiya. Na rasa tudun dafawa, in na dubi yaron in ji kamar in ruga Bompai, in na dubi uwarsa in ji ƙafata ta mutu.

Ita ce ta yanke abin da na kasa yankewa. Wata rana bayan la'asar ta aiki 'yarmu maƙwabta, ta zauna a gabana, yaron yana kwance a tsakaninmu. Ta ce in koma masaƙa. Na ce ko ta san abin da take faɗa, ta ce ta fi ni sani, ta kwana biyu tana juya shi. Na ce gara in mutu. Ta ce mutuwata ba za ta zama madara ba. Ta ce ta binne ɗaya, ba za ta binne na biyu don a ci gaba da kiranta matata ba, aure in ya mutu mutane suna rayuwa, ɗa kuwa in ya tafi ya tafi ke nan. Na kama ƙafarta ina kuka ina roƙon gafara, kalmar da na kasa faɗa shekara da shekaru ta fito a ranar da ba ta da sauran amfani. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, amma ta roƙe ni abu ɗaya, kada in sa ta maimaita maganar, domin ba ta da ƙarfin faɗarta sau biyu.

Ta ciro tsohon kakina daga ƙasan akwati ta wanke shi da ɗan guntun sabulun wankau. Da safe ta dama mini koko, ban san inda ta samo gasarar ba, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ta raka ni har bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce Allah ya tsare, ta juya da sauri. A ƙafa na tafi daga Hotoro zuwa Bompai, ina tafe ina addu'ar Allah ya sa in tarar an rufe masaƙar, ko mota ta kwashe ni a hanya. Na isa na tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofar, ma'aikata suna ta wucewa da kekunansu. Aka busa jiniya. Na tuna ƙafafun yaron nan, na tsallaka titi na shiga.

Na ɗauka ƙasa za ta girgiza, ko wani zai nuna ni ya ce ga shi nan ya dawo. Ba abin da ya faru. Masu gadin sababbi ne, wanda ya duba takardata ko ɗaga kai bai yi ba. Mutanen da na yi rantsuwar don in rufe musu baki yawancinsu an sallame su tuntuni, 'yan kaɗan da suka rage suka yi mini barka da dawowa, wasu ma sun manta dalilin tafiyata. Dattijon nan ne kaɗai da ya hango ni ya juya baya ya sa hannun riga a ido. Aka miƙo mini sifana, na durƙusa a gindin inji, hannuna yana aiki ni kuwa ban san abin da nake yi ba har aka tashi.

Da yamma na koma gida da gwangwanin madarar da aka ba ni a ɗakin magani. Na yi sallama, na tarar ta raba ɗakin biyu da wani tsohon zane, ta yafa mayafi har goshi. Daga bayan zanen ta amsa, ta yi mini sannu da aiki kamar yadda ake yi wa baƙo, ta turo 'yarmu ta karɓi madarar. Kayana suna ɗaure a bakin ƙofa. Na ɗauka na koma shagon wani maƙwabci, a nan na zauna har ta gama idda, kullum ina kawo cefane in ajiye a zaure, ina jin muryarta a cikin gida ba ni da ikon shiga. Yaron ya murmure a kan idona, kumburin ya saɓe, ya fara fitowa zaure yana tarye ni. Da iddar ta kusa cika na aika wa mahaifinta maganar auren kisan wuta, wato a sami wanda zai aure ta na ɗan lokaci ya sake ta don ta halatta gare ni. Amsar da ta dawo daga bakinta ne, ta ce an yi wasa da aurenta sau ɗaya, ba za a yi na biyu da yardarta ba. Ta koma gidansu da yaran, ina aika musu abinci duk wata. Bayan shekara biyu wani manomi da matarsa ta rasu ya aure ta. Mutumin kirki ne, ya riƙe ta da mutunci har ƙarshen rayuwarta, ko ƙinsa ban sami dalilin yi ba. Ni ma na yi wani auren daga baya, masaƙar kuma ta bi sahun sauran ta rufe.

Yanzu na tsufa, na sami lokacin tunani. Na gane cewa duk shekarun da nake ihun ni ɗa ne ba bawa ba, ni ne babban bawa a masaƙar nan. Waɗanda suka rufe langarsu suka wuce su ne 'ya'ya, domin su suke juya zuciyarsu. Ni kuwa kowane yaro yana iya juya ni, ya faɗi kalma ɗaya daga bayan layi ya sa in rushe gidana. Malamai suna faɗa mana cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne wanda ya mallaki kansa a lokacin fushi. Na sha jin wannan tun ina yaro ina gyaɗa kai, ban fahimce shi ba sai da na gan shi a wurin macen da ta zauna a gabana bayan la'asar ta faɗi abin da ya fi komai yi mata ciwo ba tare da ta ɗaga murya ba. Kuma na lura ɗan Adam ya fi tsoron dariyar mutane a kan asarar abin da yake so, alhali masu dariyar kafin su isa gida sun manta da shi.

Don haka ina kira ga maza, musamman matasa masu zafin kai irin nawa na da. Kada ku saba wa bakinku da rantsuwa, domin ranar da ta daina tasiri za ku nemi wadda ta fi ta nauyi. Kada ku sa igiyar aurenku a cikin rigimar da matanku ba su san an yi ba. In an yi muku dariya ku bari a yi, ba ta kisa. In fushi ya taso ku bar wurin, ku yi alwala, ku kwana a kan maganar, magana zarar bunu ce.

Yaron nan yana raye, shi ne ma yake ɗauke da ni yanzu. Kwanakin baya 'yarsa, wadda aka sa wa sunan kakarta, ta zauna kusa da ni ta tambaye ni laifin da kakarta ta yi mini har na sake ta. Na ce mata ba ta yi mini komai ba. Ta ce to me ya sa. Na daɗe ina neman amsar da yarinya za ta gane, ban samu ba, sai na ce mata wasu mutane ne suka yi mini dariya.